Asalin Agidi a Gidanmu

Kalmar Yarabanci ta farko da na sani zagi ce, kuma ni aka zaga da ita. Ina da shekara biyar ko shida aka aike ni in kai wa maƙwabciyarmu aron rariya. Na ce ba zan je ba sai an ba ni ƙanzo, aka ce babu ƙanzo, ni kuwa na zauna a bakin ƙofa da rariyar a cinya tun hantsi har aka kira azahar. Zafin Makka ba sai an faɗa ba, duwatsun unguwarmu ta Misfala sukan ɗauki rana su mayar wa mutum ita a fuska, amma ko gezau ban yi ba. Maƙwabciyar ta gaji da jira ta fito da kanta. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Alagidi." Ta zare rariyar ta koma gidanta.

Iya muke ce mata, yaro da babba. Bayarabiya ce daga Ilori, ta zo da mijinta a ƙafa tun kafin a haife ni. Mijin ya rasu bayan hajjinsu na biyu, ita kuwa ta ce ba ta ga abin da zai sa ta sake taka wannan doguwar hanya ba. Sai ta zauna da ɗanta da jikokinta, tana suyar ƙosai a bakin lungunmu. Tana jin Hausa sarai, sai dai namiji da mace duk ɗaya suke a bakinta, ga Larabcin kasuwa da take barbaɗawa a kai. Ba zan kwaikwayi maganarta a nan ba, don tun tana raye ta hana ni, da ludayi a hannu.

Daga baya ta yi min bayanin kalmar. Ba agidin masara da ake naɗewa a ganye ba ne, muryar ma daban take. Agidi shi ne taurin kai, alagidi kuma mai shi. Amma Iya ba ta yarda fassarar ta cika ba. Ta ce taurin kai ko jaki yana da shi. Agidi kuwa sai mutum, shi ne ka san abin zai cuce ka, ka ga hanyar sauƙi a buɗe, amma ka kafe a inda kake.

A gidanmu maganin kafiya mariƙin mafici ne, kuma na sha shi har na san ɗanɗanonsa. A gidan Iya ba haka ake yi ba. In jikanta ya tubure yana birgima, sai ta jawo shi tsakanin ƙafafunta, ta ɗora tafin hannu a tsakar kansa, ta fara rera masa kirarin kakanninsa, wanda suke kira oriki. Ɗan wane mai gona a bakin kogi, jikan wance da ta yi kaza, haka za ta yi ta hawa baya har ta iso kan kakan da ya yi irin wannan halin. A nan sai ta daɗe, tana maimaitawa tana jijjiga shi. Yaron yakan yi shiru, ya fara ajiyar zuciya, wani lokaci har barci. Ta ce kan mutum yakan yi zafi ne in ya zaci shi kaɗai ne, da zarar an tuna masa na wa ne shi, sai ya huce. Nakan leƙa ta kafar katanga ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, kishi nake yi. Su a yi musu waƙa, ni a yi min duka, alhali laifinmu iri ɗaya ne.

Wata rana na tambayi Baba inda kalmar ta fito. Baba tela ne, Bakano, yana ɗinka huluna da jallabiyoyi yana sayar wa alhazai, kuma ya yi karatu daidai wanda zai hana shi cewa bai sani ba. Bai ko ɗaga kai daga allura ba ya ce ai daga Larabci take. Aƙida ce, abin da mutum ya ƙulla a zuciya ya ƙi kwancewa. Malaman Hausa ne suka kai ta Ilori a cikin gafaka, Yarabawa suka ji ta yi musu nauyi a harshe, suka sassauta ta. Ni kuma ban yi ƙasa a gwiwa ba na kai wa Iya labari da zafinsa.

Iya ta ajiye matsamin ƙosai. Ta ce in koma in gaya masa kakar kakarta tana zagin 'ya'yanta da wannan kalma tun ba a taɓa ganin rawani a garinsu ba. Kuma in zai nemi dangin kalma, ya nemi uwar da ta haife ta, ya daina kama duk wanda ya yi kama da ita a kasuwa yana cewa ɗan'uwanta ne.

Gardamar nan ta kai shekara goma. Kullum da safe za su gaisa ta kan katanga, a tambayi gajiya, a tambayi yara, sannan Baba ya ce, "Yaya aƙida?" Iya ta ce tana gaishe shi, amma ba ta san shi ba. Wani Banufe mai kawo mana ruwa a garwa ya tsoma baki, ya ce ku bar wahala, kalmar ta Nufawa ce, kamar yadda duk wani abin kirki na ƙasar Yarabawa ta kogi ya gangara musu. Aka haɗu aka kore shi. Har wajen wani mai sayar da littattafai kusa da Harami Baba ya kai maganar. Mutumin ya saurara, ya ce in ma Larabci ce to ta fi kusa da anid, wato mai gardama. Baba ya dawo bai gaya wa kowa ba, sai bayan shekara biyu ya yi suɓutar baki.

Amma abin da ya fi damun Iya ba asalin kalmar ba ne, asalin nawa agidin ne. A wajenta hali ba ya faɗowa daga sama, dole akwai wanda aka gada. Ta bi dangin Baba ɗaya bayan ɗaya, tela ɗan tela, mutanen da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Baban kansa in ka cire maganar Larabci, ko yaro zai iya juya shi. Saura Inna, mahaifiyata. Ita kuwa duk Misfala babu mai sanyinta. Surfe da daka take yi wa gidajen Larabawa, ta fita da taɓaryarta da safe ta dawo da la'asar, kuma in ka tara maganarta ta yini guda, rabi "to" ne.

Matsalar ita ce ba wanda ya san dangin Inna, har ita kanta. Wata Bakatsiniya ce ta raine ta, wadda muke kira Kaka. Abin da aka gaya mana kawai shi ne, ayarinsu Kaka na kan hanyar hajji suka tsince ta a bakin wata rijiya tsakanin Wadai da Darfur, tana da kamar shekara huɗu. Ba ta yi magana ba har suka ƙetare kogin Nilu, ranar da ta buɗe baki kuwa Hausa ce ta fito. Harshenta na farko ya tafi, ko kalma ɗaya ba ta rage ba. In an matsa wa Kaka da tambaya sai ta ce kanta na ciwo.

Iya ta ɗauki wannan bincike tamkar sana'a ta biyu. Duk lokacin hajji, in garin ya cika da baƙi, sai ta dinga jawo mana tsofaffin mata daga kowace ƙasa su zo su duba Inna. Fuskarta babu tsaga ko ɗaya, don haka sai su koma kan kunne, da haƙori, da yatsun ƙafa, da yadda take ɗaura zane. Barebari suka ce ba tasu ba ce. Wata Bafulatana ta ce wuyan nasu ne amma hancin na wasu ne. Inna tana zaune tana tsince shinkafa, a ɗaga mata haɓa ta ɗaga, a juya ta ta juya. A ranta Iya so take a ce Bayarabiya ce, kowa ya san haka. Wata shekara ta samo wata tsohuwa 'yar ƙasarsu, ta zaunar da ita ta rera wa Inna duk waƙoƙin rarrashin jarirai da ta sani, ko ɗaya za ta taɓa wani wuri. Muka zuba wa fuskar Inna ido. Da aka gama Inna ta ce waƙoƙin da daɗi, ta tashi ta ɗora shayi.

Kaka ta rasu bayan shekarar da ambaliya ta shiga Harami. Iya ce ta yi jinyarta, don Inna na fita aiki. Daga nan binciken ya yi sanyi, ni kuma na ci gaba da girma da halina.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare da 'yan shekaru, ina da sha bakwai, wani saurayi mai tuƙa babbar mota tsakanin Jidda da Makka ya fara zuwa wajen Baba ɗinkin hula. Hula huɗu ya ɗinka a wata biyu, ga shi kai ɗaya gare shi. Baba ya gane, ni ma na gane tun a ta biyu. Ina son sa, ba wani kwana-kwana. Yana da dariya mai sauƙi, kuma ranar da na gaya masa hularsa ta uku ba ta yi masa kyau ba, bai ji haushi ba, cire ta ya yi ya sa a aljihu.

Iyayensa Sakkwatawa ne, sun rasu, gwaggonsa ce ta riƙe shi. Ita ma a ƙafa ta zo, shekara bakwai ta yi a hanya, kuma ba ta wasa da maganar asali. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A lokacin akwai bayi a gidajen Makka, kowa yana ganinsu, kuma kowa ya san wasu a hanyar hajji aka sace su ko aka sayar. Wanda ba a san uwarsa da ubansa ba, ba za a faɗa masa a fuska ba, amma za a yi ƙus-ƙus in ya juya baya. Gwaggon ta aiko cewa za ta zo ta ji asalin uwar yarinya. In amsar ba ta gamsar da ita ba, babu aure, kuma saurayin ba zai tsallake maganarta ba.

Baba ya kawo dabara mai sauƙi. A ce Inna ɗiyar Kaka ce ta cikinta, Bakatsiniya gaba da baya. Kaka ta rasu, mutanen ayarin wasu sun mutu, wasu sun koma gida, babu mai ƙaryatawa. Al'ada ma ta taimake mu. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan", kuma kunya ba za ta bari ta zauna inda ake maganar aurena ba. Tana cikin ɗaki bayan labule, Iya ce za ta tsaya a matsayin uwa ta yi magana. Iya ta yarda nan take, har tana gwada yadda za ta faɗa. Abin da ake buƙata daga Inna shiru ne kawai. Da aka gaya mata ba ta ce to ba, amma ba wanda ya lura.

Ranar Litinin da la'asar gwaggon ta zo da wata mata mai rakiya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo shayi da goro a faranti. Ni ina maƙale a madafa, kunnena a jikin kwanon da aka yi bango da shi. Bayan gaisuwa mai tsawo gwaggon ta ce, "To, uwar yarinya, ɗiyar wa ta?"

Iya ta gyara zama ta zuba. Ta ce ɗiyar Kaka ce, ta kawo Katsina, ta kawo unguwa, har da sana'ar kakanni, wanda ba ya cikin abin da aka shirya. Tana cikin yi sai murya ta fito daga bayan labule, a hankali, kamar mai tambayar ko an ga tsintsiya.

"Ba ita ta haife ni ba."

Muryar ta ƙara da cewa, "Ta riƙe ni, Allah ya ji ƙanta. Amma ba ita ta haife ni ba."

Gwaggon ta tambayi wa ya haife ta, Inna ta ce ba ta sani ba. Gwaggon ta ajiye kofin shayinta da saura a ciki, goron kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ɗayyib, wato shi ke nan, za ta dawo bayan Juma'a, wataƙila kafin nan an tuna wani abu. Kowa ya san ladabi ne kawai, zuwan na biyu na sallama ne.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Inna a ranar ba. Na rantse ba zan ƙara cin abincin gidanmu ba, na kuwa cika, ko da yake ƙosan Iya ba ya cikin rantsuwar. Baba ya lallashi Inna, ya kawo mata hujjoji har da na Larabci, cewa wadda ta raine ka uwa ce. Ta ce haka ne. Ya ce to a aika a ce ruɗewa ta yi, ta ce a'a. Iya ta shiga ta fita, ta yi faɗa ta yi roƙo, Inna tana ta tankaɗe abinta.

Ranar Laraba na same ta tana daka. Ni da ita ba mu saba magana ido da ido ba, amma na tsaya a gabanta na ce shiru kawai aka roƙe ta, shirun da ta shekara da shekaru tana yi kyauta, sai ranar da zai amfane ni ne ta ga dama ta yi magana. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ba ta daina dakan ba. Sai da ta kai inda za ta juya hatsin sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Akwai wadda ta haife ni. Ban san sunanta ba, ban san harshenta ba, zanenta kawai nake tunawa, shuɗi ne. Duk duniya ni kaɗai na san ta taɓa rayuwa. In na ce wata ce, shi ke nan, ba ta da kowa."

Duk da haka ban huce ba. Na juya zan tafi sai na ga Iya a bakin ƙofa, ashe ta ji komai. Ta daɗe tana kallon Inna kamar yau ta fara ganinta, sannan ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ce shekara nawa tana neman abu a kunne da yatsun ƙafa, ashe yana nan yana daka a gabanta. Ni ban ga abin dariya ba a lokacin.

Ranar Asabar gwaggon ta dawo. Aka sake shimfiɗa tabarma, aka sake kawo shayi da goro. Wannan karon Iya ba ta zauna ba. Ta shiga ɗaki ta kamo hannun Inna ta fito da ita, abin da ba a yi, ta zaunar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Mace mai kusan shekara arba'in, uwar 'ya'ya biyar, aka ɗora mata tafin hannu a tsakar ka kamar jikan da ya tubure. Iya ta ce wa gwaggon an tambayi asali, to a ƙasarsu ga yadda ake faɗinsa. Amma kafin nan akwai maganar da Kaka ta bar mata a kan gadon jinya, ta ce ta ɓoye saboda kunya, yau kuwa za ta fito da ita, Allah ya yafe musu su biyun.

Ashe ba tsintar Inna aka yi ba. Ayarin ya iso rijiyar ya tarar da mutane kwance a gindin itace, ciwo ya kashe su duka, sai yarinya ɗaya a zaune. Suka ji tsoron ciwon, ga ruwa kaɗan, ga hanya da nisa. Suka ajiye mata ɗan gumba, suka nuna mata wajen wani ƙauye da ake hangowa, suka wuce. Yarinyar ta biyo su. Suka daka mata tsawa, ta tsaya, da suka ci gaba ta ci gaba. Suka jefe ta da duwatsu, kuma Kaka na cikin masu jifan, wannan ne abin da ya hana ta sakat har ta mutu. In sun sauka sai su hango ta can nesa a zaune, in sun tashi ta tashi. A rana ta uku Kaka ta sauke kayanta, ta koma da baya ta goya ta.

Daga nan Iya ta ɗauki muryar da take yi wa jikokinta, amma da Hausa, don kowa ya ji:

"Ɗiyar mai shuɗin zane, ɗiyar bakin rijiya.
An ce koma, ba ta koma ba.
An jefa dutse, ta tsallake dutse ta biyo.
Kwana uku ƙafa ba takalmi.
Ba a saye ta ba, ba a sace ta ba,
ko kyauta ma ba a so ta ba, da ƙafarta ta zo.
Alagidi, uwar alagidi."

Ta maimaita ya fi sau biyar tana jijjiga ta. Ina leƙe ta hudar kwano. Inna ba ta yi kuka ba, idonta na kan tabarma, sai dai na ga kafaɗunta sun sauka, yadda na saba gani a jikokin Iya. Ni ce na yi kukan, na toshe baki da mayafi don kada a ji.

Na ɗauka gwaggon za ta ce waƙa ba asali ba ce, don ta yi kama da mai shirin faɗin haka. Sai ta dubi Inna ta ce, "Rijiyag ga, akwai itacen aduwa biyu gabas da ita?"

Inna ta ce ba ta san gabas ba a lokacin, amma akwai itace biyu, ɗaya ya karkata.

"Ruwanta da ɗaci-ɗaci?"

"Da ɗaci."

Gwaggon ta gyaɗa kai. Ta ce su ma sun sha wannan ruwan, shekaru bayan haka. Daga nan ɗanta ya fara ciwo, yana da shekara uku, tafiyar kwana biyu gaba suka binne shi. Sannan ta ce, "Mu ma mun ga ɗiyan mutane bisa hanya. Ba mu waiwaya ba." Ta miƙa hannu ta ɗauki goro, ta ɓare shi biyu, ta ba Inna rabi. Ba ta ce ta yarda ba, sai ta juya ga Iya ta tambayi wane wata ya fi mana sauƙi.

Na sha tunanin ko rijiyar ɗaya ce da gaske. Rijiyoyi masu itacen aduwa da ruwa mai ɗaci ba su da iyaka a wannan hanyar, kamar yadda na ji daga baya. Ban taɓa tayar da maganar ba, su ma ba su sake ba, har suka tsufa suna kai wa juna ziyara.

Da baƙin suka tafi Iya ta cika ta batse, tana yawo a tsakar gida tana fifita. Baba, wanda ashe yana zaure yana saurare, ya leƙo ya ce to yanzu ai magana ta fito, abin da aka ƙulla aka ƙi kwancewa, wannan ba aƙida ba ce? Iya ta ce yarinyar da ko harshe ba ta da shi, a ina ta ji Larabci? Har suka rabu a duniya ba wanda ya sauko, ni ma har yau ban san gaskiyar asalin kalmar ba.

Inna tana tattara kofuna a faranti. Ta kai hannu kan na ƙarshe sai ta ce, "Iya, kin yi kuskure wuri ɗaya."

Iya ta tsaya da fifitar. Ta ce ita ba ta kuskure a oriki, yadda Kaka ta faɗa haka ta faɗa.

"Huɗu ne," in ji Inna. "Ranar farko ba wanda ya waiwayo. Ba su san ina bin su ba."

Ta ɗauki farantin ta shigo madafa, ta same ni a tsugune da jiƙaƙƙen mayafi. Kunya ta hana ni ba ta haƙuri, abin da nake nadama har gobe. Ta buɗe kwanon tuwon da na ƙi ci da rana ta tura min da gefen ƙafa, ta juya tana wanke kofuna. Tuwon ya yi sanyi, miyar ta daskare, na zauna a bayanta na cinye shi tas.

Jikokina yanzu da Larabci suke amsa min, Hausar sai kaɗan-kaɗan. Amma in ɗayansu ya tubure nakan jawo shi tsakanin ƙafafuna in ɗora masa hannu a ka. Kirarin namu ba shi da tsawo kamar na gidan Iya, daga mai shuɗin zane yake farawa. In na zo wajen kwanakin, huɗu nake cewa.